Neman shawara: farantin kekena ya yi mini nauyi a hawan Mpape

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na sayi keken tsere na gwanjo, da shi nake zuwa aiki daga Mpape zuwa Wuse. Da safe gangara ce, ba damuwa. Wajen dawowa ne ake yin ta. In na kama hawan nan, ko na sauke sarƙa kan ƙaramin faranti, na kuma kai ta babbar giyar baya, sai na miƙe tsaye nake iya murza feda, kafin in isa gida gwiwar dama ta ɗauki zafi. A jikin farantin an rubuta 53-39, wato babban faranti haƙora 53, ƙarami 39, babbar giyar baya kuma haƙoranta 25. Ga wata ƙara, ƙas-ƙas, duk sanda na taka da ƙarfi. In canja faranti da hannun feda gaba ɗaya, ko ƙarfina ne bai kai ba tukuna?

Wani ɗan uwa daga Jos:
Wa alaikumus salam. Malam, ba laifin ƙafarka ba ne. Faranti 53-39 na 'yan tsere ne, waɗanda ba sa goyon jaka, ba sa tsayawa a danja. Duba lissafin. Tayar irin kekenka tana cin kusan mita 2.1 a juyi ɗaya. In sarƙa tana kan 39 a gaba da 25 a baya, duk zagayen feda ɗaya mita 3.3 kake tura kanka da keken sama. Da a ce 34 ne a gaba, 28 a baya, kusan mita biyu da rabi ne kawai. Wannan ratar ita ce tsakanin hawa a zaune da hawa a tsaye ana haki.

Mu nan Jos tudu ba baƙonmu ba ne, ni 50-34 nake hawa. Masu cewa zai rage maka gudu su yi lissafi: 50 a gaba, 11 a baya, ƙafa tana juyi 90 a minti, ka haura kilomita 50 a awa. Ina za ka kai wannan gudun a cikin motocin Wuse da safe?

Baba mai gyaran keke:
Yaro, ka raba maganar biyu, nauyi daban, ƙara daban.

Kada wani ya ce zai ɗaura maka faranti 34 a kan hannun fedar da kake da shi. In mai ƙusa biyar ne na da, faɗin da'irar ƙusoshinsa milimita 130 ne, abin da ya gaza haƙora 38 ba ya zama a kai. Na 50-34 da'irarsa 110 ce. Ke nan sai an sauke duka. In an sa sabo kuma, dole a sassauto abin canja giya na gaba ƙasa kaɗan, a duba tsawon sarƙa. Sannan a tabbatar ƙarfen tsakiya ya dace da boris ɗin da ke cikin firam, don akwai mai kai murabba'i na da, akwai mai rami na milimita 24, ba sa shiga gurbin juna.

Ƙarar kuwa, yawancin kekunan da ake kawo mini da wannan kukan, ƙurar hunturu ce ta shiga inda giris ya bushe. Fara da mai sauƙi. Kwance feda biyu, goge zaren, shafa giris, mayar. Bi ƙusoshin faranti ɗaya bayan ɗaya ka ɗaure. Zare sandar sirdi ka goge ta, don sau da yawa ita ke kuka mutum ya rantse daga ƙasa ne. Bayan nan sauke sarƙa daga faranti, kama hannun feda ka girgiza shi gefe da gefe. In yana lilo, ko ka juya ka ji kamar yashi a ciki, boris ya tafi.

Wani daga Kano:
Baba ya yi gaskiya, amma ni ban ga dalilin gaggawar sauke faranti ba. Giyar baya ta fi araha. A sa mai 28, nauyin zai ragu da kusan kashi ɗaya cikin goma, in abin canja giya na baya mai dogon hannu ne ma har 32 yana ɗauka. Ni 53-39 nake hawa, ban taɓa jin ya takura mini ba.

Ɗan uwa daga Jos:
Yallaɓai, Kano shimfiɗaɗɗiya ce, shi kuwa kullum sai ya hau dutse bayan ya gama aikin yini. Na yarda ya fara da ta baya in aljihu bai kai ba. Amma 39 da 28 har yanzu kusan mita uku ne a zagaye ɗaya, kuma mutumin nan gwiwarsa ta riga ta fara magana.

Wata 'yar uwa, ma'aikaciyar lafiya:
Ɗan uwa, don Allah kada ka yi wasa da gwiwar nan. Kafin komai duba tsayin sirdi. Ka zauna, ka ɗora diddige kan feda tana can ƙasa, ƙafar ta miƙe daidai ba tare da ƙugu ya karkata ba. Sirdin da ya yi ƙasa yana jawo ciwo ta gaban gwiwa. Akwai kuma lambar tsawon hannun feda a milimita a cikinsa, kusa da ramin feda, 170, 172.5 ko 175. In ba dogo ba ne kai, 175 zai riƙa lanƙwasa maka gwiwa da yawa. In ta kumbura ko tana zafi ko ba ka hau keke ba, je asibiti.

Wani mai sayar da kayan keke:
Tunda na gwanjo ne, a duba wannan. A Satumban 2023 kamfanin kayan keke na Shimano ya yi kiranye, wato ya nemi a dawo da su a duba, a kan wasu hannayen feda da aka ƙera kafin Yulin 2019: Ultegra FC-6800 da FC-R8000, da Dura-Ace FC-9000, FC-R9100 da FC-R9100-P. Ɓangarori biyu ne aka manne, mannin yana iya saki. A Amurka da Kanada kaɗai guda 760,000 abin ya shafa. Wanke naka, haska fitila a bayansa, bi layin haɗin. In ka ga tsaga ko wajen ya buɗe baki, kada ka sake hawa.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Lambar nawa ba ta cikin waɗannan, tsawon kuma 175 ne, ni kuwa ba dogo ba ne. Zan nemi 50-34 mai 170. Baba, na gwada kwance fedar hagu ta ƙi motsi.

Baba mai gyaran keke:
Ɗaure ta kake yi, yaro. Zaren ta hagu a juye yake. Tsaya ta gefen hagu, sa sifana mai lamba 15 hannunta yana kallon sama, ka tura shi wajen tayar baya. In ta cije, ɗiga mata mai ta kwana. Kuma in za ka sayo farantin, tafi da keken, a gwada a gabanka kafin ka biya.