Musayar Baitoci a Kan Tsoro

Malam Habibu, Zariya:
Assalamu alaikum. Ga tambaya a kan tsoro na ɗora mana, amsa-amonmu kuwa "wa" ne, duk wanda zai amsa ya riƙe shi.

Bismillahi, da shi nake buɗe baki,
Wanda Ya ƙagi zuciya Ya ba ta aiki,
Ya sa mata tsoro, Ya sa mata mamaki,
Kuma hikimarSa ta fi gaban ganewa.

Mun taso ana yi wa matsoraci dariya,
Ana cewa namiji shi ne mai taurin zuciya,
Amma ku faɗa mini, in za a bi gaskiya,
Wane ne a cikinmu gabansa ba ya faɗuwa?

Cuta ce tsoro da za a nema wa magani,
Ko kuwa baiwa ce da muka kasa gani?
Ku amsa mini, ya ku masu ilimin zamani,
Da ku malaman zaure masu karantarwa.

Dakta Nura, Kano:
Wa alaikumus salam, Malam. Zan fara da abin da ke faruwa a jiki, domin tun a 1915 wani masani na Jami'ar Harvard, Walter Cannon, ya bayyana yadda jikin dabba kan shirya wa faɗa ko gudu da zarar ta hangi haɗari.

A cikin ƙwaƙwalwa akwai wani curi ƙarami,
Amigdala ake ce masa a wajen masu ilimi,
Yana nan ga matsoraci, yana nan ga jarumi,
Shi ne mai gadin da ke kwana yana dubawa.

Idan wani abu ya motsa a ƙasa,
Sai ka ga ƙafarka ta riga ta kai ka nesa,
Tunani yana baya yana ta lissafinsa,
Ko igiya ce wannan ko kuwa kububuwa.

Sai sinadarin adirenalin daga saman ƙoda ya shiga jini,
Zuciya ta ƙara bugu, ƙwayar ido ta buɗe don gani,
Yawu ya ƙafe, gumi ya keto ko ba a rani,
Jiki ya shirya wa faɗa ko kuwa tserewa.

Mai zabura don igiya, abin da ya rasa kaɗan ne,
Mai tsayawa nazarin maciji, kwanansa a asibiti ne,
Saboda haka garajen mai gadin nan gata ne,
Ko da sau da yawa yana kuskurewa.

Baba Ilu, Katsina:

Likita, na ji, amma ban gamsu ba tukuna,
Na ga 'yan tauri da mafarauta a garina,
Na ga saurayi a filin sharo da idona,
Sanda na sauka a jikinsa, shi yana murmusawa.

To ina mai gadin naka yake a wannan fili,
Ko kuwa wasu an haife su ba shi tun asali?
In haka ne, su suka dace da kwanciyar hankali,
Mu kuwa aka bar mu da zullumi da damuwa.

Malama Rabi, Maraɗi:
Baba, Allah Ya ƙara girma. Akwai wata mata a Amurka da masu bincike na Jami'ar Iowa suka daɗe suna nazarinta, suna kiran ta S.M. domin sakaya sunanta, wadda wata cuta ta gado da ba a cika samu ba ta lalata mata amigdala ta dama da ta hagu. Ga yadda rashin tsoro ya kasance mata.

An kai ta shagon da ake sayar da macizai,
Ta sa hannu ta ɗauka, tana shafa su sosai,
Ana ce mata wancan mai haɗari ne, ki bari dai,
Ita kuwa sha'awa ke ƙara jan ta ga taɓawa.

Da dare wani ya ɗora mata wuƙa a wuya,
Da ya sake ta, ba gudu, ta taka ta kama hanya,
Washegari ta bi wurin kamar ba abin da ya faru jiya,
Wannan hutu ne, Baba, ko kuwa rashin garkuwa?

Saurayin sharo kuwa yana jin abin da muke ji,
Zuciyarsa na bugawa irin ta kowane namiji,
Abin da ya koya tun yana kiwo a daji,
Shi ne riƙe fuska da ƙafa, a hana su rawa.

Malam Isa, Sakkwato:
Allah Ya saka wa Malama da alheri. Tun da an ambaci igiya da maciji, ina tunatar da mu aya ta 67 da ta 68 a Suratu Ɗaha, da kuma ƙarshen Suratu Ƙuraishi, inda aka jera ciyarwa daga yunwa da amintarwa daga tsoro a matsayin ni'imomi biyu.

Ranar da matsafan Fir'auna suka jefa igiyoyi,
Annabi Musa ya ji tsoro a ransa, in ji ayoyi,
Ba a zarge shi ba a kan abin da zuciya ta yi,
An ce kada ya ji tsoro, rinjaye nasa ne mai zuwa.

Malamai sun ce bawa ya zauna tsakanin tsoro da fata,
Tsoro kaɗai yanke ƙauna ne, kuma shi ma cuta,
Fata kaɗai sakaci ne mai kai mutum ga ɓata,
Wanda ya rasa ɗayansu ya rasa madogara a rayuwa.

Hajiya Asabe, Jos:
Kun yi ta yabon mai gadin nan, ni kuwa ƙararsa na kawo. Ku tuna watan Agusta na 2014, bayan da Ebola ta ɓulla a Legas, da kuma harin da aka kai wa Amurka da jiragen sama ranar 11 ga Satumba, 2001.

Da dare aka yi ta bugo waya ana tashin mutane,
Wai a yi wanka da ruwan gishiri, a sha, magani ne,
Aka yi ta ɗurawa ana cewa rigakafi ne,
Ebola ba ta zo ba, gishirin ya kai wasu kushewa.

Bayan harin 2001 Amurkawa sun ƙaurace wa jirgi,
Suka hau titi da mota, wadda ba ta shan zargi,
Alhali haɗarinta na kullum ne, ba kuwa na wargi,
Suka bar mai ban tsoro, suka rungumi mai kashewa.

Wani masani ɗan Jamus, Gerd Gigerenzer, ya kiyasta cewa ƙarin waɗanda suka mutu a kan titunan Amurka cikin shekara guda bayan harin ya kai kusan mutum 1,500. Mu ma a gida ba mu tsira daga wannan ba.

Ana tsoron kukan mujiya, ana kwana ba gidan sauro,
Alhali zazzaɓin cizonsa shi ke ɗauke yaro,
Ana hawa babur ba hular kwano, ba a jin tsoro,
Mai gadinku, Likita, ba ya iya ƙirgawa.

Dakta Nura, Kano:
Hajiya, ƙararki ta karɓu, ba ni da abin kare shi a nan. Sai dai yawancin abubuwan da muke tsoro koyon su muka yi, kuma abin da aka koya ana iya warware shi. A 1920 John Watson da Rosalie Rayner suka yi wa wani jariri gwajin da a yau babu wanda zai yarda a yi wa ɗansa, a 1924 kuma Mary Cover Jones ta nuna hanyar gyara a kan wani yaron dabam.

Jariri ne Albert, yana wasa da farin ɓera,
Sai a buga guduma a ƙarfe a bayansa, ya yi ƙara,
Ba a jima ba, ganin ɓeran kaɗai ke sa ya fara
Kuka, har zomo ma ya zama abin gujewa.

Peter kuwa zomo yake tsoro, aka ajiye keji a nesa,
Yana cin abincin da yake so, kullum a ɗan matso kusa,
Har ranar da zomon ya zauna a gabansa,
Ya miƙa hannu da kansa yana shafawa.

Duk ranar da ka kauce wa abin, za ka ji sauƙi,
Amma ƙwaƙwalwa ta rubuta cewa kaucewar ce ta yi aiki,
Gobe tsoron ya dawo, ya fi na jiya ƙarfi a jiki,
Shi ya sa masu magani ke bi ta hanyar sabawa.

Baba Ilu, Katsina:

Na karɓa, Likita, amma ga waɗanda aka koro daga ƙauye,
Yara sun ga abin da 'yan bindiga suka yi wa iyaye,
Yau da jin ƙarar babur sai ka same su a ɓoye,
Wannan ma da matso da keji ake warkarwa?

Malama Rabi, Maraɗi:
Baba, kafin Likita ya dawo, bari in ɗauki wannan. Likitoci na ɗaukar irin wannan firgici a matsayin ciwo idan ya haura wata guda yana dawo wa mutum da abin da ya gani a farke da cikin mafarki, yana hana shi barci da harkokinsa na yau da kullum, amma akwai abin da ke gaba da magani.

Zomon Peter yana keji, shi ya sa sabo ya yi amfani,
Wanda haɗarinsa bai wuce ba, gaskiya tsoronsa yake gani,
Sai an ba shi amintaccen makwanci kafin a yi zancen magani,
Ba a ce wa mai gadi ya kwanta ɓarawo yana kewayawa.

Idan an samu aminci amma mafarkin bai daina ba,
Wata ya wuce, barci da karatu ba su dawo ba,
A kai shi ga likitan ƙwaƙwalwa, kada a ce ba a saba ba,
A haɗa da addu'a, kuma a daina yi masa tsawa.