Taƙaitawa: Injin Toyota 1ZZ-FE

Ga abin da na tsinta daga maganganun jama'a kan wannan injin mota:

1. Lita 1.8 ne, silinda 4, bawul 16. Sarƙar tayimin gare shi, ba bel ba.

2. Yana cikin Corolla 1998 zuwa 2008, da Matrix da Pontiac Vibe. Amma kafin ka sayi inji ɗan Kwatano, makanike ya duba ko wayoyi da kwamfutar motarka za su dace da shi.

3. Kowa ya yarda injinan farko-farko, kafin 2003, suna shan baƙin mai saboda ringin fistin. Wasu suka ce a canza ringi, wasu suka ce sauke injin a sa wani ya fi sauƙi.

4. Baƙin mai 5W-30 kamfani ya ce. Masu son 20W-50, wanda ya fi kauri, sun kafe da zafin Arewa, ni dai ban gamsu ba.

5. Yoyon mai ta wajen tenshina (abin da ke ɗame sarƙar tayimin): ƙaramar roba ce, a canza.