CorelDRAW yana komawa inci da takardar Letter duk sanda na buɗe

Sadiya, Gwammaja:
Assalamu alaikum. Ina koyon zane a shagon yayana, katin biki da kalanda da sitika muke yi. Duk sanda na buɗe sabon aiki a CorelDRAW sai ya ba ni takardar Letter da ma'aunin inci. In mayar A4 da milimita, gobe in tarar ya koma gidan jiya. Sannan shuɗin da nake gani a allo rangaɗaɗau, idan an bugo sai ya fito a dushe. Don Allah ina ake gyarawa?

Kawu Bala, Fagge:
Wa alaikumus salam, 'yata. Gyaran da kike yi a kan takardar ranar kaɗai yake tsayawa. Ki saita girman da ma'aunin yadda kike so, ki shiga Tools ki danna Save Settings as Default, shi ke nan ya zauna. Kada kuma ki raina bambancin: Letter 216 da 279 ce a milimita, A4 kuwa 210 da 297. Amurkawa ke amfani da waccan, mu nan rim ɗin da ke kasuwa A4 ne.

Amma ni ba zan ce ki yar da inci ba. Masu injin buga bana, wato babban kyallen talla, da ƙafa suke lissafin kuɗi, kwastoma ma "ƙafa 10 da 4" zai ce miki. Kati da kalanda milimita, bana ƙafa ko inci. Ni fayil biyu na ajiye babu komai a ciki, ɗaya na kati ɗaya na bana, su nake buɗewa kullum. A na katin na bar rarar milimita 3 kowane gefe, don wuƙar yanka ba ta san alkawari ba, ta ɗan goce sai farin layi ya bayyana a bakin katin amarya.

Abba, Zoo Road:
Maganar shuɗi, Anti Sadiya, allo da haske yake haɗa launi, wato RGB, inji kuma da tawada huɗu, CMYK. Akwai shuɗin da tawada ba za ta taɓa kaiwa ba komai kyan injin. Tun a akwatin buɗe sabon aiki ki zaɓi CMYK, sai abin da kike nuna wa kwastoma ya yi kusa da abin da zai karɓa. Ƙananan rubutu kuma baƙi zalla, K 100, wato baƙar tawada ita kaɗai, in ba haka ba ya fito da inuwa.

Sadiya, Gwammaja:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. To a gida wata manhajar zane, Inkscape, nake da shi, shi ma haka ne?

Abba, Zoo Road:
Shift da Ctrl da D zai buɗe miki saitin takarda. Sai dai shi da RGB yake aiki, ki yi atisaye da shi amma aikin bugu ki ƙarasa a shago.

Kawu Bala, Fagge:
Na manta, ki danna Ctrl da J ki nemi wurin ajiyar kai-tsaye, ki rage mintunan zuwa 5 saboda 'yan NEPA. Kafin ki kai wa mai inji kuma, ki zaɓi rubutun duka ki danna Ctrl da Q ya koma zane, don ba kowa ke da harafin da ke ɗauke da ƙ da ɗ ba. Ki tambaye shi wane Corel gare shi, tsoho ba ya buɗe fayil ɗin sabo.