Ragon dutse a Teksas: me za mu kira gonar da ake harbinsa?

Salamu alaikum malamai, na zo da cigiya. Ƙanina da ke karatu a jihar Teksas ta Amurka ya turo mini bidiyon wani Bature yana sanɗa cikin duwatsu da baka a hannu, har ya harbi wata dabba mai manyan ƙahoni da geza a wuya. Na nuna wa Kawu, wanda ya yi shekarunsa yana harbi kafin ciwon gwiwa ya zaunar da shi, ya ce in mayar masa da zancen cikin Hausa. Kalmomi uku suka maƙale mini: dabbar suna kiranta aoudad, wurin game ranch, bakan kuma compound bow. Na riga na jefa muku tambayar kun yi ta ba da shawara, ga inda muka kwana.

Na fara da "ragon daji", don shi ya fara zuwa bakina. Ba a jima ba wani dattijo ɗan Agadas ya gyara mini, kuma Baba, na gode, Allah ya ƙara girma. Ya ce wannan ai ragon dutse ne, kuma ba baƙo ba ne: a duwatsun Azbin yake, da Termit a Nijar, da Tibesti da Ennedi a Chadi, har zuwa tsaunukan Maroko. Ita kanta kalmar aoudad ba Turanci ba ce. Daga udad ta harsunan Berber, dangin harshen Buzaye, Faransawa suka ɗauko ta, Amurkawa kuma suka ara daga hannunsu. Kun ga na tashi ƙirƙiro suna ga dabbar da ke bayan gidanmu, don kawai na gan ta a allon waya tana hawan dutsen Amurka. Irin na Azbin ma har sunan kimiyya gare shi na daban, angusi, wanda aka raɗa a 1921 don Angus Buchanan, ɗan Sikotilan da ya tashi daga Kano ya kai Azbin a 1920.

Yaya, na ga gardamarki cewa dabbar ta fi kusa da akuya, don haka "rago" kuskure ne. Kina da hujja. Sunanta na kimiyya, Ammotragus, a Girkanci ma'anarsa bunsurun rairayi. Amma Bahaushe ba da jini yake raɗa wa namun daji suna ba, da kama yake raɗawa. Raƙumin dawa ba raƙumi ba ne, kuma ba wanda ya taɓa kai ƙara. Sunan da ke bakin mutanen da suka san dabbar ya fi wanda za mu sassaƙa yau da rana tsaka. Macen sai mu ce tunkiyar dutse, ita ma tana da ƙaho, sai dai bai kai na namijin ba.

"Ragon daji" ɗin nawa bai faɗi ƙasa banza ba. Ya zauna a matsayin sunan gama-gari, domin a waɗannan gonaki akwai mouflon na tsibiran Kosika da Sardiniya, akwai kuma barbarar yanyawa da aka haɗa da tumakin gida don ƙahon ya yi kyau. Su duka ragunan daji ne, ko da wasunsu dajin nasu da sauƙi.

Bakan bai ba mu wahala ba. Holless Wilbur Allen na jihar Missouri ne ya ƙirƙiro shi, ya nemi rajistar fasahar a 1966 aka ba shi a 1969. A bakin kowane reshe akwai 'yar taya da tsarkiya ke bi ta kai. Farkon ja yana da nauyi, amma in ka kai ƙarshe tayoyin su ɗauke maka mafi yawansa: bakan da ake ja da ƙarfin kilo 32 ana iya riƙe shi a ɗame da ƙarfin kilo 6 ko 7, mutum ya yi ta saiti hannu bai karkarwa. Wani ya ce "bakan zamani", na ƙi, don gobe wani zamanin zai zo. Wani ya ce "bakan inji", amma ba inji a jikinsa, damtse ne ke ja. Baka mai taya ya fi, kowa ya gan shi zai gane. Kawu ya fi damuwa da kibiyar. Da ya ji babu dafi, faffaɗan kai ne mai kaifin aska da ke kashewa ta zubar da jini, ga kuma fikafikai a gindi, sai ya ce to wannan ai wuƙa ce aka koya wa tashi.

Shi ne kuma ya hana ni cewa "farauta da baka". A wurinsa farauta gayya ce: bayan an kawar da amfanin gona, a buga ganga, a fito da karnuka da gora da adda, a yi kirari, a kewaye daji. Wanda ya fita shi kaɗai da kwari a kafaɗa, ya ɗaura ɓurtu a ka ko ya yi kwanto a mashaya, wannan maharbi ne, aikinsa harbi. Baturen bidiyon sanɗa ya yi har sai da ya rage 'yan taku tsakaninsa da ragon. Saboda haka harbi da baka, mai yinsa kuma ɗan baka, kalmar da muke da ita tun kafin a haifi kakan Allen, har da sarautarta ta Sarkin Baka.

Inda aka kai ruwa rana shi ne game ranch. Mutum huɗu suka ce "gandun daji", kuma a nan ne ban yarda ba ko kaɗan. In ka ce gandun daji, Yankari ce ke faɗo wa mai sauraro a rai: dajin hukuma, da ma'aikata masu kama duk wanda ya shiga da makami. Wannan kuwa kishiyarsa ne. Fili ne na mutum ɗaya, an kewaye shi da waya mai tsawon ƙafa 8, an sayo dabbobin ƙetare an zuba, ana ba su abinci da ruwa, sannan mai kuɗi ya biya ya shiga ya harba. Farashi na bin girman ƙaho. Y.O. Ranch da ke gundumar Kerr na cikin waɗanda suka fara wannan sana'a. Dokar Teksas ba ta sa wa dabbobin ƙetare lokacin harbi ko iyakar adadi a filin mai zaman kansa ba, lasisi da izinin mai wuri kawai ake nema. Su kansu 'yan bakan Amurka ba bakinsu ɗaya ba a kai: ƙungiyar Pope and Young, da aka kafa a 1961, ba ta rubuta dabbar da aka kashe cikin shingen da ba mafita a kundin bajintarta.

"Gidan namun daji" ba zai yi ba, can kallo ake zuwa. "Ruga" ta kawo kiwo amma ta bar harbi a baya, ga shi ba Bafulatanin da ke sayar da izinin harbin sansa. "Killataccen daji" ya faɗi shinge, bai faɗi ciniki ba. Malam, kai da ka ce a riƙe kalmar gandu a sauya abin da ke biye da ita, kai ka warware mana. Asalin gandu ai gona ce babba mai mai ita, irin gandun gida da gandun sarki, wadda ake nomawa don a ci amfaninta. Amfanin wannan gonar harbi ne. Gandun harbi ke nan, kuma ya rabu da gandun daji rabuwa ta sarai.

A kula, ba kowane ragon dutsen Teksas ne ke cikin gandun harbi ba. An saki wasu a kwazazzabon Palo Duro a 1957 da 1958, wasu kuma suka tsallake shinge, suka yaɗu a yammacin jihar har suna takura wa ragon dajin ƙasar na asali wajen ci da sha. A Azbin kuwa, duk da dajin Azbin da Tenere da Nijar ta keɓe a 1988, ganinsa sai an sha hawan dutse.

Na gwada wa Kawu jimlar da daddare: ɗan baka ya biya kuɗi ya shiga gandun harbi, ya harbi ragon dutse da baka mai taya. Bai nemi ƙarin bayani a kan ko ɗaya ba. Abin da ya tambaya shi ne wa ya ci naman. Na ce masa mutumin kan yake so, a jeme fatar a cusa, a kafe a bangon falo, suna kiransa trophy. Ya yi shiru, sannan ya ce in tambaye ku sunan wannan, shi dai a wajensu ƙahon da aka ajiye na laya ne ko na busa.