Maigida na so in riƙa ce mashi "bebi", ni kuma nauyi nike ji

Amaryar Ƙofar Ƙaura:
Salamu alaikum yan uwa, don Allah shawara nike nema. Wata huɗu da bikinmu, shi kullum "honey" yake ce mani ko "sweetheart", kuma ya matsa sai ni ma in riƙa ce mashi "baby", to wallahi bakina ya kasa, don ni a gidanmu ban taɓa jin Inna ta kama sunan Baba ba balle wani bebi, malam take cewa har yau. Rannan na daure na faɗa a tsakar gida ashe Hajiyarshi na bakin madafa tana tsince shinkafa, ta ɗago ta kalle ni ba ta ce komai ba, kwana biyu ina kasa haɗa ido da ita. Ina son in faranta mashi amma mi sunayen nan ma suke nufi?

Ɗan Rafindadi:
Wa alaikumus salam. Baby dai jariri ne, honey zuma, sweetheart kamar ki ce zuciya mai zaƙi, kuma tsohuwar kalma ce ƙwarai don tun ƙarni na 13 ake faɗinta a Ingila. Darling daga dear ta fito, wato abin ƙauna. Bae ce sabuwa, wajen 2014 ta cika intanet daga Amurka. Babu zagi ko ɗaya ciki.

Maman Biyu, Daura:
Ƙanwata ki kwantar da hankalinki, abin da kika ji ai alkunya ce kuma ita ce tarbiyyar da aka ba ki. Ni shekara 11 da aure, gaban mutane Baban Biyu nike cewa, gaban danginshi Alhaji, amma in muka shiga ɗaki ko a waya akwai sunan da ni kaɗai nike kiranshi da shi, ko yara ba su san shi ba. Manzon Allah (SAW) ma ya kan taƙaita sunan Nana A'isha ya ce ya A'ish, yana cikin Bukhari, kin ga sunan so tsakanin mata da miji ba baƙon abu ba ne a wajenmu. Wurin da kika faɗi sunan ne ya ba ki matsala ranar nan. Ki zaunar da shi ki ce mashi gaban Hajiya ba za ki iya ba, namiji mai hankali zai gane, uwarshi ce fa.

Malama daga Sabuwar Unguwa:
Ni dai bebin nan ba ya zauna mani a baki, babban mutum da gemunshi. Kuma su kansu turawan ba duka ke da nauyi ba a wajensu, a Ingila mai shago ma na iya ce wa wanda bai sani ba "love", a Amurka har "pumpkin" suke cewa, kabewa kenan. Muna da masoyina, abin ƙaunata, rabin raina, sahibina, wasu kuma habibi suke ɗaukowa daga Larabci. In kika ce rabin raina kin san abin da kika faɗa, shi ma har cikin ranshi zai ji.

Amaryar Ƙofar Ƙaura:
Na gode Anti, Allah ya bar zumunci. Jiya da dare na yi mashi magana, ya ce bai san abin ya dame ni haka ba. Yanzu masoyina na sa a lambarshi a waya, bebin kuma sai a saƙo nike iya rubutawa, da baki har yanzu bai fito ba.