An nemi in maye gurbin jarumar da ta fice daga shirin barkwanci

Ummu Hanan: Assalamu alaikum. Wani furodusa a Kano ya nemi in maye gurbin jarumar da ta bar shirinsu na barkwanci bayan sun sami saɓani a kan kuɗi. Ya yi mini tayin naira 20,000 a kowane kashi, amma sai an kammala ɗaukar zango zai biya, kuma bai yi maganar rubutacciyar yarjejeniya ba. Shin in karɓa a haka?

Baban Khalifa: Wa'alaikumus salam. Ki karɓa, ƙanwata, domin masu kallo suna saurin sabawa da sabuwar fuska. A shirin The Fresh Prince of Bel-Air na Amurka, an sauya Janet Hubert da Daphne Maxwell Reid a 1993, kuma shirin ya ci gaba har 1996.

Mai Kwalliya: Malam, ka faɗi rabi ka bar rabi, domin Janet Hubert ta daɗe tana kokawa cewa an ɓata mata suna a sana'a, kuma ba su sasanta da jarumin shirin, Will Smith, ba sai a 2020. Ni na yi wa wani shiri kwalliyar jarumai zango guda cur, da kayan aikina da kuɗin motata. Da babbar jarumar ta yi fushi ta tafi, aka dakatar da ɗauka, aka ce mu yi haƙuri sai tashar ta biya. An haska shirin, an maimaita shi, yarana suna kallonsa suna dariya, ni kuwa har yau ko sisi bai shigo hannuna ba. Na bar wa Allah, amma ban yafe ba.

Ɗan Zoo Road: Allah Ya saka miki, Hajiya. Sai dai 20,000 ta yi kaɗan, domin ni 50,000 aka ba ni a bara.

Abu Amir: Ban yarda ba. Sabon shiga ko 10,000 ba ya samu, kuma wanda bai taɓa kwana a lokeshan ba bai kamata ya ba da shawara a nan ba.

Baban Khalifa: Idan da ni kake, mu masu kallo mu ne kasuwar.

Na Gwammaja: Ki tambaya ko akwai shinkafa da kaza a lokeshan, domin wani lokaci ita ce kaɗai albashin!

Mai Kwalliya: Abin da ya fi ci mini rai shi ne YouTube. Suna ɗora shirin suna karɓar kuɗin talla, amma mai haske da mai ɗaukar sauti ba su da kaso. Me ya hana MOPPAN, ƙungiyar masu sana'ar fim, ta tilasta rubuta yarjejeniya?

Abu Amir: Kuɗin YouTube bai kai yadda kuke zato ba, Hajiya, ki tambayi duk wanda yake da tasha.

Ummu Hanan: Na gode, amma gobe furodusan yake jiran amsata.