Neman shawara: takarduna na aure ba su fito ba, ko zan iya tsallaka gada zuwa Kanada in dawo?

Wata 'yar uwa (an ɓoye suna):

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin, don Allah a ɓoye sunana.

Ina zaune a Buffalo ta Amurka, a bakin iyakar Kanada, da maigidana, shi ɗan ƙasa ne. Ni karatu ya kawo ni da bizar ɗalibai ta F-1, da na gama muka yi aure, muka tura takardu gaba ɗaya: I-130 wadda maigida ya nema min zama da ita, da I-485 ta neman girin kad, wato katin zama na dindindin, da na izinin aiki, da na izinin tafiya, wato I-131. An ɗauki zanen yatsuna, katin aiki ya iso, amma na tafiya har yau shiru. Intabiyu ma ba a sa rana ba.

Ga abin da ya taso. Yayata da ke Toronto ta sauka, haihuwar fari bayan dogon jira, kuma tiyata aka yi mata. Hajiyarmu ba ta samu zuwa ba, duk nahiyar nan ba ta da ɗan uwa na jini sai ni. Bizata ta Kanada tana da rai, ta F-1 da ke cikin fasfo ma ba ta mutu ba. Daga gidanmu zuwa gadar Peace, mai tsallakawa Kanada, ba wani nisa, daga can zuwa Toronto kamar awa biyu ne a mota. Maigida yana ganin tunda ba jirgi zan hau ba, ba kuma gida Najeriya zan je ba, ba za a ɗauke shi tafiya ba, amma ya ce in tambayi masu sani tukuna. Wallahi raina yana wurinta, jiya a waya kuka take yi. Shin zan iya zuwa in yi 'yan kwanaki in dawo?

Maman 'Yan Biyu:

Wa alaikumus salam. Barka, Allah ya raya, ya ba mai jego lafiya. Ƙanwata, kada ki taka gadar nan. Duk wanda I-485 ɗinsa ke jira ya fita daga Amurka ba da takardar izinin tafiya a hannu ba, hukumar shige da fice ta USCIS tana ɗauka ya yi watsi da neman girin kad ɗinsa. Ba ruwansu da a mota kika fita ko a ƙafa, ba ruwansu da awa ɗaya kika yi ko wata ɗaya. Kanada ƙasar waje ce a wurinsu, daidai take da Kano. Kuma cewa kin nemi takardar bai wadatar ba, sai ta fito.

Ɗan Zazzau:

Ni dai lokacin da nake ɗalibi na sha zuwa Kanada in dawo, har da biza da ta ƙare. Akwai dokar da ta ce muddin ba ka wuce kwana 30 a Kanada ko Meziko ba, za su bar ka ka shigo. Tunda F-1 ɗinta tana nan, me zai hana ta dawo da ita?

Mai aiki a ofishin lauya:

Malam Ɗan Zazzau, dokar kwana 30 ɗin nan gaskiya ce, amma ta ɗalibin da har yanzu ɗalibi ne, wanda bai nemi zama na dindindin ba. Ba ta ceto I-485 daga faɗuwa. 'Yar uwa, ni ba lauya ba ce, aiki nake a ofishin lauyan shige da fice, don haka ki ɗauki wannan a matsayin bayani, ki kuma kai wa lauya takardunki ya gani da idonsa.

Waɗanda doka ta yarje wa fita ba tare da takardar izinin tafiya ba ƙalilan ne: masu bizar aiki ta H-1B da L-1 da iyalansu, sai masu bizar iyali ta K-3 da K-4 da V, su ma da sharaɗin matsayinsu yana da rai. F-1 ba ta ciki, bizar ziyara ma haka.

Sannan ki yi tunanin abin da zai faru a bakin gada lokacin dawowa. Bizar ɗalibi an gina ta ne a kan cewa mutum zai koma ƙasarsa. Ke kuwa kin riga kin sa hannu a takarda cewa zama kike nema, kin gama karatun, ga miji ɗan ƙasa a kujerar direba. Jami'in CBP, wato hukumar tsaron iyaka, yana ganin duk wannan a kwamfutarsa kafin ki buɗe baki. In kika faɗi gaskiya ba zai shigar da ke a matsayin ɗaliba ba. In kuma kika ɓoye, wannan shi ne mafi muni, domin yi wa jami'in shige da fice ƙarya don samun shiga yana jawo haramcin da ba shi da wa'adi.

Abin da ke biyo baya shi ne yake sa nake jin tsoro a kanki. I-130 ba ta mutuwa, amma sai a juya ta zuwa hanyar ofishin jakadanci: fayil ya bi ta cibiyar biza ta ƙasa, wato NVC, a jira ranar intabiyu, wanda ga 'yan Najeriya a Legas ake yi. Dala 1,440 na I-485 sun tafi, katin aiki ya tashi a banza. A Kanada kuma baƙuwa ce ke, yawanci wata shida suke bayarwa, daga nan sai gida. Kuma ƙofar biza ba kullum take a buɗe ba. A watan Fabrairun 2020 an dakatar da bizar zama ga 'yan Najeriya, sai Janairun 2021 aka janye. A ƙarshen 2025 an sake saka Najeriya, wannan karon har da Nijar, cikin jerin ƙasashen da aka taƙaita wa shiga. Mace tana cikin ƙasa, takardunta suna tafiya, ta fita ta shiga wannan layin saboda 'yan kwanaki? Don Allah kada ki yi.

Tambaya ɗaya: tsakanin gama karatu da tura takardu, kin taɓa zama ba matsayi? Matar ɗan ƙasa ana yafe mata wannan in tana ciki, amma tun dokar 1996, wanda ya tara sama da kwana 180 na zama ba bisa ƙa'ida ba ya fita, shekara 3 ake hana shi dawowa, wanda ya kai shekara ɗaya kuma shekara 10. Lissafin kwanakin ɗalibai yana da sarƙaƙiya, lauya ne zai duba miki shi.

Wata 'yar uwa (mai tambaya):

Innalillahi. Na gode Anti. A'a, ban taɓa zama ba matsayi ba, ina cikin izinin aikin bayan karatu muka tura. Amma wata ƙawata ta ce min katin aikin nata shi ne na tafiya, da shi ta je gida ta dawo. Nawa ba haka yake ba?

Mai aiki a ofishin lauya:

Ɗauko katin ki duba can ƙasa ta gaba, akwai layi ɗaya. In na haɗe ne, za ki ga an rubuta yana tsayawa a madadin I-512, wato takardar izinin tafiya. In kuwa na aiki ne zalla, za ki ga an rubuta ba a dawowa Amurka da shi. Ƙawarki ta samu na haɗen ne. Yanzu sau da yawa daban-daban suke fitowa, kuma tun Afrilun 2024 kowanne da kuɗinsa, na tafiyar dala 630.

Wata 'yar uwa (mai tambaya):

Na duba. Ba a dawowa da shi aka rubuta.

Bakano a Detroit:

Allah ya raya. Tunda a bakin iyaka kike, bari in ƙara wani abu da mu mazauna Detroit muka sani. A nan mutane suna kuskuren hanya a kan babban titin I-75 su faɗa layin gadar Ambassador mai tsallakawa Kanada, kuma da ka wuce wani wuri babu juyowa sai ka tsaya gaban jami'ai. Ku ma kuna da irinsa wajen gadar Peace da ta Rainbow. Ki sa wayarki ta guje wa hanyoyin biyan kuɗin gada, kuma in baƙi sun zo kun kai su kallon ruwan Niagara, ki tsaya ɓangaren Amurka. Wannan ƙofar masu tafiya a ƙafa ta gadar Rainbow, ita ma fita ce. Ko Kanada ta mayar da mutum ba ta bar shi ya shiga ba, dole ya biyo ta gaban jami'an Amurka.

Hajiya Babba:

'Yata, na ji kukanki, na kuma ji na yayarki. Na yi jego a ƙasar nan ba uwa ba ƙanwa, na san daren da mace ke tashi da ɗinki a ciki, jariri na kuka, ba mai miƙo mata shi. Ba zan ce miki abin wasa ba ne. Amma yayarki da kanta, in kika karanta mata abin da aka rubuta a nan, ba za ta yarda ki zo ba. Shi maigidanki ai fasfo ɗinsa na Amurka ne, ba abin da ya hana shi. Ki haɗa kayan barka da abin da kika san tana so, ya kai ya wakilce ki ranar suna. Toronto kuma cike take da matanmu, masallatan can ba sa rasa masu taimakon mai jego. Ki yi min magana ta akwatin sirri, ina da ƙawaye a can, zan haɗa su da ita yau ɗin nan in sha Allah.

Maman 'Yan Biyu:

Hajiya ta yi gaskiya. Amma kafin ki haƙura gaba ɗaya, akwai hanyar gaggawa. Ki kira layin USCIS ki ce kina neman izinin tafiya na gaggawa. In tafiyar ta matsa, ƙasa da kwana 15, suna iya ba ki rana a ofishinsu na yankinku. Za ki je da sabon fom I-131, da hotuna biyu irin na fasfo, da rasit ɗin I-485, da hujja. Hujjar ita ce komai. Rashin lafiya mai tsanani ko rasuwar ɗan uwa suka fi dubawa, suna shi kaɗai da wuya ya isa. In tiyatar ta zo da matsala, likitanta ya rubuta takarda a kan takardar asibiti ya faɗi halin da take ciki, ki haɗa da takardun haihuwarku da ke nuna uwa ɗaya uba ɗaya kuke. Abin da yake gaskiya kawai za a rubuta, kada a ƙara gishiri. Jami'in ne ke da ikon bayarwa ko hanawa.

Ummu Khairat:

Ni na yi tafiya da takardar lokacin rasuwar mahaifina, Allah ya jiƙansa. Ki sani ko da ita a hannu, ba tabbacin shiga ba ne, izini ne na zuwa bakin ƙofa ki nemi a bar ki. Da na dawo, jami'in ya karɓi fasfo da takardar, ya sa wani ya raka ni wani ɗaki na ciki. Kujeru ne a jere, an hana taɓa waya, mijina yana waje bai san me ake ciki ba. Na daɗe a zaune kafin a kira ni, aka tambaye ni inda na je da dalili da adireshinmu, aka buga hatimi aka ba ni kayana. Kusan kowa mai wannan takarda sai ya bi ta ɗakin, kada gabanki ya faɗi. Ki riƙe ainihin takardar, ba kwafi ba, ki dawo kafin ranar da ke jikinta, kuma ki bar wanda zai riƙa duba akwatin wasiƙa, domin in takardar intabiyu ta zo kika rasa ranar, wata matsalar ce.

Mai aiki a ofishin lauya:

Allah ya jiƙan Baba. Ƙari biyu a kan na Ummu Khairat. Wanda ya dawo da wannan takarda ya daina zama mai F-1, jiran I-485 ɗin kaɗai ke riƙe da shi a ƙasar. Sannan takardar ba ta shigar da mutum Kanada. Masu girin kad ne aka ɗauke wa bizar Kanada, ke taki bizar za ki nuna. Kuma ko ta fito, a halin da ake ciki da fasfon Najeriya, kada ki tashi sai lauya ya duba dokar da ke aiki a makon tafiyar.

Baban Sadiku:

A yi min afuwa in shigo da tawa. Ni matata tana Kaduna, na tura mata I-130, muna jira. Tana da bizar ziyara da ba ta ƙare ba. Za ta iya zuwa ta gan ni?

Mai aiki a ofishin lauya:

Malam, naka daban ne. Jiran I-130 bai soke bizar ziyara ba, amma a bakin shiga ita za ta gamsar da jami'i cewa ziyara ce za ta koma: tikitin dawowa, takardar hutu daga wurin aiki, abin da ta bari a gida. In an tambaye ta wurin wa ta zo, ta ce wurin mijinta, kuma akwai takarda da ke jira. Suna iya mayar da ita ko da ta faɗi gaskiya. Abin da ba za ku yi ba shi ne ta shigo da bizar ziyara alhali kun shirya za ta zauna. Ka buɗe taka tambayar daban ka faɗi shekarar da aka ba ta bizar, sai a duba da kyau.

Wata 'yar uwa (mai tambaya):

Allah ya saka muku da alheri gaba ɗaya. Na karanta wa maigida komai, na kuma kira Yaya. Ta ce ko da wasa kada in zo haka. Hawan jininta bai sauka ba tun bayan tiyatar, har yanzu tana asibiti, mijinta zai karɓo takardar likita gobe. Da ta iso zan kira layin gaggawar, kuma mun samu lauyan da zai gan mu kafin nan. Maigida zai tafi ranar Juma'a da kayan. Hajiya Babba, na turo miki saƙo. Anti mai ofishin lauya, takardar haihuwata ta hukumar ƙidaya ce, ta Yaya kuma takardar rantsuwar shekaru ce ta kotu, za su karɓi biyun tare?

Mai aiki a ofishin lauya:

Ki kai duka biyun, tunda sunayen iyaye suke son gani. In ta Yaya ba ta nuna sunan mahaifiya ba, ki ƙara da wata takarda da ta nuna, ko ta makaranta ce. Takardar likitan kuma ta kasance da kwanan wata da sa hannu da lambar wayar asibitin.